Sauya lauya ana tsakiyar neman diyyar rauni a wurin aiki: wa zai biya, kuma nawa?

Bayan an idar da sallar Juma'a a wani masallacin 'yan Afirka ta Yamma da ke unguwar Bronx a birnin New York, wani bawan Allah ya ja ni gefe. Da hannun hagu ya zaro wata leda daga cikin rigar sanyinsa, domin na daman ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirjinsa. Takardu ne maƙil a ciki, wasu ko ambulan ɗinsu ba a yaga ba. Ya ce wata goma sha huɗu ke nan da wani kwali mai nauyi ya fizge masa kafaɗa a siton da yake aikin lodi. Tun a makon farko ya ɗauki lauya, amma sau ɗaya tak suka haɗu ido da ido. In ya buga waya, sai a ce lauya yana kotu, zai kira. Har yau bai kira ba.

Na ce, "To Malam, me ya hana ka nemi wani?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, abu biyu ne. Ina tsoron kada in sauya a ce mutum biyu zan biya, ɗan abin da ya rage ya ƙare a hannun lauyoyi. Na biyu kuma, wanda ya kai ni wurinsa ɗan garinmu ne, dattijo ne, ina jin nauyinsa."

Tsoron nan na farko shi ne ya ɗaure mutane da yawa a hannun lauyan da ya daina amsa musu waya, alhali a yawancin jihohin Amurka ba haka lissafin yake ba. Sauyin yana da tsadarsa, amma ba a inda mutane suke zato take ba.

Diyyar ma'aikaci ba irin ƙarar da muka saba gani ba ce, inda mai ƙara zai tabbatar da laifin wanda ya cuce shi. Ciniki ne aka ƙulla tun fiye da shekara ɗari tsakanin ma'aikata da masu kamfanoni. Ma'aikaci ya haƙura da kai maigidansa kotu a kan sakaci, shi kuma maigida ya sayi inshorar da za ta biya magani da wani kaso na albashi, ko laifin wane ne. Jamus ce ta fara kafa wannan tsari a 1884. A Amurka, jihar New York ta yi dokarta a 1910, babbar kotun jihar ta soke ta ranar 24 ga Maris 1911, washegari kuma gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle ta kashe ma'aikata 146, yawancinsu 'yan mata baƙi da suka yi ƙaura daga wasu ƙasashe. Jihar ta gyara tsarin mulkinta ta sake kafa dokar a 1914. Kowace jiha da tata dokar, shi ya sa abin da ɗan'uwanka na Teksas ya gaya maka ba lallai ya yi aiki a New York ba.

Tunda kuɗin da ake ba mai rauni ba masu yawa ba ne, galibi kashi biyu cikin uku na matsakaicin albashinsa na mako, kuma da iyakar da ba a wucewa, sai jihohi suka sa wa ladan lauya linzami. Ba ka ba lauyan diyya kafin alƙalami. La'ada yake ɗauka daga abin da ya samo maka, kamar dillali, in bai samo ba babu. Kuma ba shi ke yanke wa kansa ba. A Ilinoi da Pensilbaniya iyakar ita ce kashi 20 cikin ɗari, a Jojiya da Teksas kashi 25, a Kalifoniya alƙalai sun saba amincewa da abin da bai wuce kashi 15 ba. A New York, sashe na 24 na dokar diyya ya ce babu ladan da zai halatta sai Hukumar Diyyar Ma'aikata ta amince da shi, kuma laifi ne lauya ya karɓi kuɗi a hannunka ta bayan fage. Kamfanin inshora ne ke cire kason lauya daga diyyar ya aika masa kai tsaye. Tun daga 1 ga Janairu 2023 jihar ta tsara jadawali, wanda a manyan hukunce-hukunce da sulhun rufe fayil ya tsaya a kan kashi 15.

Bari mu buga lissafi da kafaɗa irin ta mutumin nan, a matsayin misali kawai. Dokar New York ta ƙayyade wa kowace gaɓa adadin makonni: hannu tun daga kafaɗa mako 312, ƙafa tun daga cinya mako 288, tafin hannu zuwa wuyansa mako 244, ido mako 160, babban yatsan hannu mako 75. A ce albashinsa dala 900 ne a mako. Kashi biyu cikin uku ya zama dala 600. A ce likitoci sun tabbatar ya rasa kashi 25 cikin ɗari na amfanin hannun har abada. Rubu'in 312 shi ne mako 78, a ninka da 600, ya ba da dala 46,800. In an riga an biya shi na mako 20 lokacin da yake kwance a gida, wato dala 12,000, za a cire, saura 34,800. Kashi 15 na wannan shi ne dala 5,220. Wannan shi ne ƙwaryar lauya.

To, in lauyoyi biyu ne suka yi aikin, ƙwaryar ba ta zama biyu. Ɗaya ce, su biyun za su raba. Dokar ta New York ta faɗa a fili cewa idan an maye gurbin lauya bisa ƙa'ida kuma na farko ya shigar da buƙatar ladansa, hukumar ce za ta yanka masa rabonsa daga cikin jimillar ladan da aka amince da shi. Ko su sasanta tsakaninsu, wanda shi aka fi yi, ko alƙali ya raba musu. Ko na farko ya tashi da 1,500 na biyu da 3,720, ko su raba daidai, abin da zai shiga aljihun mai kafaɗa bai motsa ba: dala 29,580. Haka abin yake a Kalifoniya da yawancin jihohin da suka sa iyaka, domin iyakar a kan diyyar take, ba a kan kowane lauya ba.

Ma'aunin da ake raba musu da shi yana da suna na Latin, kwantum meruwit, ma'anarsa gwargwadon abin da mutum ya cancanta. Ana duba awoyin da kowa ya ɓata, zaman kotu nawa ya halarta, likitoci nawa ya yi wa tambayoyi, da kuma wanda aikinsa ya haifar da sakamakon. Lauyan da ya cike fom ɗin farko ya ajiye fayil a durowa ba zai tashi da abin da wanda ya yi jayayya da likitan kamfanin inshora zai tashi da shi ba. Tushen wannan ƙa'ida tsoho ne. Tun a 1916, a shari'ar Martin da Camp, babbar kotun New York ta ce mai ƙara yana da ikon sallamar lauyansa a duk lokacin da ya ga dama, da dalili ko babu, kuma wannan ba karya yarjejeniya ba ne. A 1972 kotun ƙolin Kalifoniya, a shari'ar Fracasse da Brent, ta ƙara da cewa lauyan da aka sallama sai ya jira an ci nasara kafin ya nemi haƙƙinsa. In ba a samu komai ba, shi ma babu. Dalilin kotunan kuwa shi ne, alaƙar lauya da mai ƙara a kan amana aka gina ta, kuma ba a tilasta wa mutum ya ci gaba da ba da amanarsa ga wanda zuciyarsa ta daina natsuwa da shi. A New York da wasu jihohi ma, lauyan da aka kora saboda tabbataccen laifi na aiki yana iya rasa ladan baki ɗaya.

Saboda haka in tsohon lauya ya aiko da takarda cewa ya ɗora da'awa a kan fayil ɗinka, kada gabanka ya faɗi. Ba bashi ba ne da zai biyo ka gida da shi. Layi ya kama, don in kuɗi sun fito a tuna da shi wurin rabon ƙwaryar.

Yanzu ga inda tsadar take.

Ladan aiki daban, kuɗin ɗawainiya daban. Abin da lauya ya kashe daga aljihunsa wajen karɓo takardun asibiti, ko biyan likitan da ya rubuta rahoto, ko buga bayanan shaidu, a jihohi da yawa ba ya cikin la'adar nan, kuma yarjejeniyar da ka sa wa hannu ranar farko ita ke faɗin yadda za a mayar masa. Idan sabon lauya bai gamsu da rahoton da na farko ya samo ba ya nemi wani, ɗawainiya ta ninku. Haka nan, duk ladan da alƙali ya riga ya amince wa na farko a zaman baya, an cire an biya, ya tafi ke nan. A Pensilbaniya akan cire kason lauya daga cak ɗin kowane mako idan shi ya ƙwato biyan, don haka mai sauyawa a can sai ya tambaya tun da wuri wa zai ci gaba da karɓar wannan kaso.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, raba ƙwarya da ke kare ka shi ne kuma ke sa sabon lauya ya yi ɗari-ɗari da kai. Mutum ne mai hayar ofis da albashin ma'aikata. In ka zo masa da fayil ɗin da aka yi shekara biyu ana aiki a kansa, yana ganin rabin 5,220 ɗin nan ya riga ya zama na wani, shi kuma sauran wahalar da kurakuran baya zai gada. In ka zo masa a matsayin lauya na uku ko na huɗu, zai fara tambayar kansa ko matsalar daga lauyoyin take. Wanda bai san yadda iyakar lada ke matse lauyoyi ba ya dubi abin da ya faru a Filorida. Jadawalin jihar ya ba lauya kashi 20 na dala 5,000 na farko, kashi 15 na 5,000 na biyu, sannan kashi 10 na saura a shekaru goma na farko. A shari'ar Castellanos, lauya ya yi aikin awa 107 ya ci nasara, da aka buga lissafi ladansa ya kama dala 1.53 a kowace awa. Kotun ƙolin jihar ta soke tilascin jadawalin a 2016, domin ta ga cewa in lauya ba zai iya cin abinci da ƙaramar shari'a ba, mai ƙaramin rauni ba zai taɓa samun mai tsaya masa ba. Ni a ganina wannan ne babban haɗarin sauyi: ba biya biyu ba, a'a, ka saki reshe ka kama ganye, ka wayi gari kai kaɗai a gaban lauyan kamfanin inshora.

Kuma agogon kotu ba ya tsayawa don kana neman lauya. A New York kwana 30 ake da su don ɗaukaka ƙara a kan hukuncin alƙalin diyya. Ana son sabon rahoton likita kusan kowane kwana 90 in ana so biyan mako-mako ya ci gaba. In kamfanin inshora ya sa ranar da likitansa zai duba ka ka ƙi zuwa saboda kana tsakanin lauyoyi, suna iya neman a dakatar da kuɗinka. Alƙali kuma ba dole ne ya ɗage zama don kawai sabon lauya bai gama karanta fayil ba. Wanda ya sauya a wata na uku kusan babu abin da ya rasa. Wanda ya sauya saura mako ɗaya a zauna sauraron shaidun likitoci ya sa kansa cikin haɗari.

Akwai wani lungu da 'yan'uwanmu masu aikin gini da masu kai saƙo a kan keke ko babur ya kamata su sani. Rauni ɗaya yana iya haifar da shari'a biyu. Maigidanka ba ka iya kai shi ƙara, amma direban motar da ya buge ka, ko mai ginin da ka faɗo daga tsaninsa, ana iya kai shi kotu ta daban, kuma can la'adar lauya ta saba kaiwa kashi ɗaya cikin uku. Sau da yawa ofis ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, ko ofisoshi biyu masu hulɗa. In za ka sallami lauya, ka san wace shari'a kake karɓewa daga hannunsa. A New York kuma, yin sulhu a wancan ɓangaren ba tare da yardar kamfanin inshorar diyya ko umarnin kotu ba yana iya jawo maka asarar diyyar gaba. Dole sabon lauya ya san da shari'ar ta biyu tun ranar farko.

Sai maganar dalili. Ba duk ɓacin rai ne laifin lauya ba, kuma zan faɗi wannan ko da ba zai yi wa mai ciwo daɗi ba. Ba a lissafin naƙasa ta dindindin sai likita ya ce jinya ta kai inda za ta tsaya, wanda bayan tiyata yakan ɗauki shekara. Ranar zama hukuma ke sa ta. Diyyar ma'aikaci ba ta biyan kuɗin zafin ciwo da ƙuncin rai, don haka miliyoyin da wani ya ce abokinsa ya samu, in ka bincika, daga waccan shari'ar ta biyu suka fito. Lauyan da ya gaya maka wannan gaskiyar ba maƙiyinka ba ne. Wanda ya yi maka alkawarin adadi tun bai buɗe fayil ba, shi ne abin gudu.

Amma akwai abin da haƙuri ba ya magani. Ƙa'idojin aikin lauya a Amurka sun wajabta masa ya riƙa sanar da kai halin da shari'arka ke ciki, ya amsa tambayarka cikin lokaci, kuma sun ce karɓar sulhu ko ƙin sa hukuncinka ne kai kaɗai. Lauyan da ya bar wa'adi ya wuce, ko aka yanke maka biya bai nemi zama ba, ko ya zo kotu bai san wace gaɓa ce ta ji rauni ba, ko yake matsa maka ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba, ya ba ka dalili. Na ƙarshen nan ya fi ci mini rai. Sulhun sashe na 32 na dokar diyya a New York yana iya rufe fayil har abada, har da maganin gaba. Mutum ya karɓi dunƙulen kuɗi yau, bayan shekara uku kafaɗa ta nemi tiyata ta biyu, babu mai biya. Kwana 10 kacal doka ta bayar na janyewa bayan an miƙa yarjejeniyar ga hukuma. Hukumar tana ba da tafinta kyauta, kuma rashin takardun zama ba ya hana ma'aikaci diyya a jihar. Babu hujjar da za ta sa Bahaushe ya rattaba hannu a kan abin da bai ji da harshen da yake fahimta ba.

Shi sauyin kansa ba wuya gare shi ba. Ka fara rubuta wa lauyanka, ta imel ko wasiƙa, ka nemi zama da shi kansa, ka tambaye shi ina aka kwana, me ake jira, kuma yaushe. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa ya farkar da ofis. In shiru ya ci gaba, ka je ka ga wani, ganawar farko kyauta ce a yawancin ofisoshin diyya, kuma ba ka buƙatar izinin na farko. Kada ka sallami tsoho sai sabo ya ce ya karɓa. Shi ne zai shigar da takardar maye gurbi, a New York fom OC-400, ya sanar da hukuma da kamfanin inshora, ya kuma nemi fayil. Tsohon lauya wajibi ne ya miƙa takardun da suke haƙƙinka. Ka nemi sabon ya rubuta maka yadda za a yi da ladan na farko da kuɗin ɗawainiyarsa. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da ra'ayi mai lamba 487 a 2019 cewa lauyan da ya gaji shari'ar la'ada dole ya sanar da mai ƙara a rubuce cewa tsohon lauyan yana iya neman rabonsa.

Masu karatu a Najeriya, tsarinku daban ne. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora biyan a kan asusun NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, wanda masu ɗaukar aiki ke zuba wa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu, kuma in rigima ta ƙi ƙarewa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ake zuwa. Ƙa'idojin lauyoyin ƙasar sun ce sabon lauya ya sanar da tsoho, ya kuma yi ƙoƙarin ganin an biya shi abin da ya yi wa aiki. Abin da kuka rubuta a yarjejeniya shi ne zai fi tasiri, don haka kada a ɗauki lissafin New York a kai shi Kano.

Saura maganar dattijon nan ɗan garinsu. Ba na raina ta. Kara da jin nauyi su ne suka riƙe mu a ƙasar da ba tamu ba, kuma mutumin da ya kama hannunka ya kai ka ofishin lauya ranar da ba ka san gabas ba ya cancanci a girmama shi. Sai dai shi alheri ya yi niyya, bai ɗauki alkawarin cewa ofishin zai yi aiki ba, kuma ba kafaɗarsa ba ce ke hana barci. Na ce wa mutumin ya je ya same shi har gida, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, na gode da ɗawainiya, amma ga halin da ake ciki." Dattijon kirki ba zai so 'ya'yan wani su rasa abinci don a kare masa fuska ba.

Kafin mu rabu muka zauna a kan dardumar baya muka yage ambulan ɗin da bai buɗe ba, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu kwafin takardun asibiti ne. Ta biyar daga hukuma take, hukuncin alƙali ne da ya rage masa biyan mako bisa rahoton likitan kamfanin inshora, an buga mata kwanan wata kwana 19 da suka wuce. Ya ce shi dai ya ga cak ya ragu, ya ɗauka kuskure ne. Saura kwana 11 wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika. Na ce masa Litinin da sassafe ya ɗauki wannan takarda ya tafi ofishin lauyansa da ƙafarsa, kada ya buga waya, ya tambaya ko an shigar da ɗaukaka ƙara, ya ce a nuna masa kwafi. In babu, daga nan ya wuce ofishin wani lauyan kafin azahar, da ledar gaba ɗaya.